Littafin Haya: Yadda Labaran Soyayya Suka Jawo Jama'a ga Karatu a Ƙasar Hausa

Karatu tsohon abu ne a ƙasar Hausa, amma karanta ƙagaggen labari don jin daɗi kawai al'ada ce da ba ta cika shekara ɗari ba. Kafin zuwan boko, idan aka ce mutum yana karatu, ana nufin yana gaban malam da allo ko da littafin fiƙihu, yana biyawa ana gyara masa. Waƙoƙin wa'azi da aka rubuta da ajami haddace su ake yi a rera. Labari kuwa na baka ne: tatsuniya a ɗakin tsohuwa bayan sallar lisha, hira a dandali, labarin fatake a zaure. Takarda wurin ajiye ilmi ce, kuma ba a saba ɓata tawada a kan abin da kowa ya san ƙirƙirarsa aka yi ba.

Wannan ne cikas ɗin da Rupert East ya ci karo da shi a 1933, lokacin da yake shugabancin Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai da Hausar boko. Da yawansu sun ga abin bai dace da mutuncin malami ba. Duk da haka yunƙurin ya haifi littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Daga 1937 Imam ya fara fito da Magana Jari Ce mai juzu'i uku, sannan a 1939 aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo shi ne editanta. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950 tare da gangamin Yaƙi da Jahilci, kamfanin ɗab'i na NNPC kuma ya zo a 1966.

Littattafan wannan zamani nagartattu ne, har yau ba a daina buga su ba. Sai dai hanyar da suka bi suka isa hannun jama'a ita ce makaranta. Hukuma ke zaɓar abin da za a buga, hukuma ke saye ta raba wa azuzuwa, yaro kuma ya gamu da Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja a aji, malami na tsaye da bulala, ga jarrabawa a gaba. Wanda bai shiga makarantar boko ba, sai dai wani ya karanta masa. Wanda ya shiga ya fita kuwa, sau da yawa rabonsa da littafi tun ranar da ya rubuta jarrabawar ƙarshe. Sababbin labarai kuma ɗiɗɗiga suke yi, shekara ta zo ta wuce ba a ga ko ɗaya ba. Abin lura a nan shi ne Jiki Magayi: saurayi Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya ƙwace ta da dukiya. Jigon da zai cika kasuwa bayan shekara hamsin yana nan tun farko, masu sayensa ne ba su samu ba tukuna.

Masu sayen sun samu ne daga wurare biyu. A 1976 gwamnatin tarayya ta fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, yara suka cika makarantu har a ƙauyukan da ba a taɓa ganin allon bango ba. Da yawa daga cikinsu, musamman 'yan mata, ba su wuce firamare ko ƙaramar sakandare ba aka yi musu aure. Sun fita da iya haɗa baƙi a Hausa, Turancinsu kuwa bai kai na karanta littafi ba. Sannan a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, azuzuwan yamma suka buɗe wa matan aure da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an sami ɗimbin mutanen da suka iya karatu amma babu abin da ke jan su su karanta. Ɗaliban sakandare da suka ji Turanci suna da nasu: Mills & Boon, da James Hadley Chase, da jerin Pacesetters wanda Muhammad Sule na Kano ya rubuta ɗaya daga cikin na farkonsa. Sauran jama'a sai rediyo da finafinan Indiya, waɗanda gidajen silima na Kano suka daɗe suna nunawa, daga baya kuma bidiyo ya shigar da su har ɗakunan matan kulle.

Kamfanonin ɗab'i sun ɗan hango wannan kasuwa. Gasar da NNPC ya shirya ta fito da littattafai uku a 1980, cikinsu har da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin Boɗaɗo 'yar Fulani da ta kafe a kan son wanda ba ɗan ƙabilarta ba. Hafsat ita ce mace ta farko da aka buga ƙagaggen labarinta da Hausa. Gasar gwamnatin tarayya ta ƙara da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da wasu a 1982. Daga nan tattalin arziki ya karye. Kuɗin mai ya ja baya, shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan makaranta kawai, tunda su ne cinikinsu yake da tabbas. Matashin da ya kai rubutunsa Zariya sai ya shekara yana jiran amsa.

Sai matasan suka daina jira. Mutum ya rubuta labarinsa a littafin rubutu na 'yan makaranta, ya kai wa mai tafireta, ya tara kuɗi ko ya ranta, ya kai ƙaramar maɗaba'a ta cikin gari a buga masa. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farkon da suka fito ta wannan hanya a tsakiyar shekarun 1980, sai Soyayya Gamon Jini na Ibrahim Hamza Abdullahi, da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987. Babu edita, babu mai duba ƙa'idar rubutu. Takardar mai arha ce irin ta jarida, bangon zanen hannu ne na saurayi da budurwa, daga baya aka koma sa hotunan 'yan fim. A shafukan farko akwai sadaukarwa da doguwar godiya ga 'yan uwa da abokai, a baya kuma hoton marubuci da adireshinsa. Marubutan suka kafa ƙungiyoyi don taimakon juna wajen bugu da rarrabawa. Wadda ta fi suna ita ce Raina Kama ta Kano, inda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa da Balaraba suke, akwai kuma Kukan Kurciya da Jigon Hausa. Sunan Raina Kama kansa amsa ce ga masu kallon littattafan a wulaƙance.

Littafin da ya nuna girman wannan kasuwa shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Marubucin da kansa ɗan makarantar allo ne wanda ya sami boko da girmansa a ajin yamma, saboda haka ya san irin Hausar da mai sabon karatu zai iya bi ba tare da tuntuɓe ba. Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Sumayya 'yar masu hali ce, ta kamu da son Muhammad wanda ba shi da komai sai ilmi da kyan hali. Ga attajiri Abdulƙadir yana nemanta, ya kuma sami goyon baya a cikin gida ta hanyar dukiyarsa. Da aka matsa mata, ta faɗa rijiya. A tsakanin wannan akwai wasiƙu da baitocin soyayya da masoyan ke aika wa juna, waɗanda samari suka riƙa kwafa suna kai wa 'yan matansu kamar su suka tsara. An sake buga littafin sau da dama, an fassara shi zuwa Turanci, an mai da shi fim a 1994, masu karatu kuma suka riƙa rubuto wa marubucin wasiƙu suna neman shawara a kan nasu matsalolin aure, kamar wani malamin unguwa.

Abin da ya sa wanda bai damu da littafi ba ya zauna ya cinye wannan a dare ɗaya ba ɓoyayye ba ne. Hausar ita ce wadda ake yi a zaure da tsakar gida, jimlolin gajeru, zance ya fi bayani yawa. Wuraren da ake ambata unguwanni ne da mai karatu ya sani, motocin da tufafin irin waɗanda yake gani ne a titi. Matsalar kuma tasa ce ko ta 'yar uwarsa: auren dole, kishiya, uwar miji, talaka da ya ga samu ya ga rashi saboda mai kuɗi ya shigo layi. Littafin aji yana ba da labarin sarakuna da aljanu da waziri aku. Wannan kuwa yana ba da labarin abin da ya faru a gidan maƙwabta, wanda kunya ta hana a faɗa a fili. Ga shi siriri, ana iya gama shi tsakanin azahar da magariba, kuma wanda bai taɓa kai ƙarshen wani littafi ba yakan ji wani irin daɗi ranar da ya fara kaiwa.

Sirantar ma dabara ce ta kasuwa. Ana raba labari kashi biyu ko uku, wani lokaci har fiye, a yanke kashi na ɗaya daidai inda rai ya fi tashi, amarya na cikin mota ko an kwashi wani zuwa asibiti, a ce sai a tara a kashi na biyu. Da kuɗin na ɗaya ake buga na biyu. Idan na ɗaya bai karɓu ba, na biyun ba ya fitowa har abada, kuma akwai labarai da yawa da suka mutu a haka, masu karatunsu na ta zarya wurin mai shago.

Dillalan littattafai na Kano, a wajen Kasuwar Kurmi da Jakara da Sabon Gari, su ne suka riƙe wuyan sana'ar. Su ke karɓar littafi daga marubuci, sau da yawa bashi, su rarraba wa masu sari daga Kaduna da Katsina da Sakkwato da Gusau da Jos, har Maraɗi da Damagaram. Daga baya wasunsu suka koma sayen labarin ɗungurungum su buga da kansu, marubuci ya karɓi abin da aka ba shi sau ɗaya ya tafi. A tasha da bakin kasuwa ana shimfiɗa littattafan a ƙasa ko a tura su a baro, kusa da masu sayar da kaset.

Amma yawancin masu karatu a wancan lokaci ba saye suke yi ba, haya suke karɓa. Shagon haya ɗan ƙaramin wuri ne a cikin unguwa, wani lokaci teburi ne kawai a zaure, wani lokaci kuma matar aure ce ke yi a ɗakinta. An jera littattafai a kanta ko an rataye su a igiya, an yi wa kowanne lamba, an ƙara wa bangon ƙarfi da salatif saboda yawan hannu. Mai shago yana da babban littafin rajista inda yake rubuta sunan mai karɓa da ranar dawowa. Ana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na kwana ɗaya, wanda ya makara a ci shi tara, baƙo kuma ya ajiye jingina. Matar da ke kulle ba ta zuwa da kanta. Yaro ko almajirin gida take aika wa da 'yar takarda, ko ta ce masa, “Ka ce a ba ka na biyun, in babu a ba ka kowanne na Anti Bilki.” Kafin littafin ya koma, kishiya ta karanta, 'yar maƙwabta ta karanta, an kuma karanta wa wadda ba ta iya ba tana tsinke zogale tana saurare. Shi ya sa yawan kwafin da aka buga ba ya nuna yawan waɗanda suka karanta. Kwafi ɗaya kan zaga unguwa sai ya yi laushi kamar tsumma, shafin ƙarshe ya ɓace, a riƙa tambayar waɗanda suka riga karantawa yadda aka ƙare.

A makarantun kwana na 'yan mata abin ya zama kamar fataucin kayan sumoga. Ana shigo da littattafan a ƙasan akwati ko cikin garin kwaki, a sa a tsakiyar littafin lissafi lokacin karatun dare, a bi layi ana jiran wadda ke riƙe da shi ta gama. Malamai na ƙwacewa suna ƙonawa, wani sabo na shigowa ranar ziyara.

Ba a daɗe ba mata suka karɓe alƙalamin. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara goma sha uku ko ƙasa da haka, ta koma karatu a ajin manya bayan auren ya mutu. Wa Zai Auri Jahila? labarin Abu ne, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu ta nemi ilmi. Alhaki Kuykuyo Ne kuma labarin Rabi ne, wadda miji ya kora da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya. An fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta fito da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe da Ki Yarda Da Ni, inda jarumai mata ke yin karatu mai zurfi su kuma riƙe gidajensu, ana bayyana girki da ado da kalaman da ake tarbar miji da su dalla-dalla. Matan aure da yawa sun ɗauki waɗannan a matsayin makaranta. Maza kuma suka fi karkata ga labaran yaƙi da aljanu da 'yan fashi, irin na Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini, ko da yake ba ƙaramin adadi ne na maza ke karanta na soyayyar a ɓoye ba, su ce na ƙanwarsu ne.

Suka ta zo ta fuska biyu. Malaman jami'a sun ga rubutun ba shi da inganci. Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba masa sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da 'yan littattafan da aka yi yayi a kasuwar Onica, yana kuma ganin yayi ne da zai wuce. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya wa marubutan, muhawarar ta yi shekaru a jaridu, musamman a shafin adabi na New Nigerian da Ibrahim Sheme ke kula da shi. Masu sukar suna da hujja a wani ɓangare. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, wasu labaran kuma finafinan Indiya ne aka sauya wa sunaye. Sai dai muhawarar ta fi mai da hankali ga marubuci, alhali babban abin da ya faru yana wajen mai karatu: yarinyar da ta bar aji shida tana haɗa baƙi da ƙyar, bayan ta karanta littafin haya hamsin ta zama mai karanta wasiƙarta da kanta, ta duba takardar asibiti, ta taya ɗanta aikin gida. Ajin yaƙi da jahilci yana koya wa mutum baƙi a wata shida, amma in babu abin karantawa sai ya manta.

Ɗaya fuskar ta iyaye da malaman addini ce, waɗanda suka ce littattafan na koya wa 'yan mata bijire wa zaɓin iyaye da rashin kunya. Bayan dawo da shari'a, Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai a bainar jama'a, a 2008 kuma hukumar tacewa, lokacin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi kowane marubuci ya yi rajista ya kuma kawo rubutunsa a duba kafin bugu, abin da ya jawo doguwar taƙaddama da ƙungiyoyin marubuta.

Abin da ya rage wa littafin takarda ƙarfi bai zo daga hukuma ba. Tun 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, harkar bidiyo ta fara janye marubuta da 'yan kasuwa, saboda kuɗin ya fi yawa a can. Ado Ahmad da Bala Anas Babinlata da Ɗan'azumi Baba da Balaraba duk sun shiga fim, kuma finafinan farko da yawa daga littattafai aka ɗauko su. Gidajen rediyo sun ci gaba da karanta littattafan a shirye-shirye irin su Rai Dangin Goro, wanda ya kai labaran ga waɗanda ko baƙi ɗaya ba su sani ba. Daga baya wayar hannu ta zo ta rushe shagon haya. Yanzu marubuciya na rubuta labarinta a waya, ta riƙa sakin shafi-shafi a rukunin WhatsApp ko a Wattpad ko manhajar ArewaBooks. Shafukan farko kyauta ne, idan labari ya kai inda rai ya tashi sai a ce mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki a sa shi a rukunin waɗanda suka biya. Wasu kuma na karanta littattafan da murya su ɗora a YouTube, mata na saurare suna aikin gida. Babu mai tacewa a nan, saboda haka ƙorafin batsa ya fi na da ƙarfi, haka ma kukan marubuta a kan masu kwafe labari su yaɗa shi kyauta. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don gajerun labaran mata tana samun ɗaruruwan labarai duk shekara, da yawa daga marubutan da suka fara a waya, waɗanda iyayensu mata ne ke aika yaro shagon haya a da.